Mashin ɗin MotoGP da na Superbike: duka 1000cc ne, to ina bambancin?

Ɗan_Domayo (Marwa)

Salamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a tasharmu ta 'yan kilando jiya da yamma. Wani abokin aikina ya nuna mana bidiyon Baturken nan ɗan tseren babur Toprak a waya, ya danne birkin BMW har ƙafar baya ta tashi sama, ya shiga kwana a haka. Sai ya ce ai mashin ɗin iri ɗaya ne da wanda Marc Marquez ke hawa a gasar MotoGP, tunda duka 1000cc ne, fenti kawai ya bambanta. Ya kuma rantse cewa mai kuɗi zai iya sayen kowanne. Ni zuciyata ba ta yarda ba. Masana ƙarfe, ku raba mu don Allah, shayin mako guda muka sa a kai.

Tsohon_Makanike (Garwa)

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara wanke kofi, shayin naka ne, sai dai abokinka ma yana da rabin gaskiya.

Toprak ya ci kambinsa ne a gasar Superbike, a 2021 da Yamaha, a 2024 da 2025 da BMW. Mashin ɗin BMW da ya hau a can, M 1000 RR, akwai shi a kanti da fitila da madubi da wurin lamba. Dokar gasar ce ta ce haka: sai kamfani ya ƙera aƙalla guda 500 na sayarwa, kuma an sa wa farashinsa iyaka, kafin a yarda ya shiga fili. Daga nan sai 'yan tsere su kwance shi. Su cire fitila da madubi da jak, su canza shokazoba da birki da salansa da kwamfutar inji. Amma shasi da gangar injin da faɗin silinda, waɗannan dole su zauna yadda masana'anta ta fitar da su. Ka ƙura ido a gaban mashin ɗin in kyamara ta matso: fitilun da kake gani sitika ce aka manna, don ya ci gaba da kama da ɗan'uwansa na kan titi.

Na taɓa kwance wata tsohuwar Yamaha R1 da wani alhaji ya shigo da ita ta Duwala. Lambar shasi tana nan a buge a wuya, kamar ta Boxer ɗinka. Irin wannan ƙarfen ne ake ɗauka a kai Superbike.

Na MotoGP kuwa ba shi da ɗan'uwa a kanti. Kamar ɗinki ne: ɗaya rigar kanti ce tela ya rage ta, ɗaya kuma yadi aka yanka a jikin mai sawa. Doka ta ba su iyaka kawai: 1000cc, silinda kada ta wuce 4, faɗinta milimita 81, nauyi kada ya gaza kilo 157, mai lita 22. A cikin wannan shingen kowa ya ƙera abin da kansa ya ba shi. Ducati da Honda da Yamaha da KTM da Aprilia ba sa sayar da su a kanti, ƙananan ƙungiyoyi ma haya suke karɓa, shekara ta ƙare a mayar. Ko sitata babu a jiki, da wani inji na daban ake tayar da shi.

Ni abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne birki. Faifan birkin Superbike ƙarfe ne, doka ta hana wani abu daban. Na MotoGP na kabon ne, kuma yana da wani hali na ban mamaki: in yana da sanyi ba ya kamawa sosai, sai ya yi zafi wajen digiri 200 zuwa 800 yake nuna kansa. Namu nan in ya yi zafi a gangara shi ke nan ka fara salati, nasu kuwa lokacin ya farka. Ga shi ba nauyi, don haka ƙafar gaba tana saurin juyawa in za a kwantar da mashin daga hagu zuwa dama.

Sai bawul. Kai ka san sifirin ne ke mayar da shi. In inji yana juyi dubu 17 ko 18 a minti, sifirin ba ya iya bin sawu, don haka a MotoGP iska mai matsi ce ke rufe bawul. Ducati kaɗai ke da nata tsari, inda ƙarfe ke buɗewa ƙarfe ke rufewa, kuma shi take sawa har a na sayarwa. Giyar MotoGP ma ta daban ce, ta gaba tana kamawa tun ta baya ba ta saki ba, ƙarfi ba ya yankewa ko na ƙiftawar ido. Akwai kuma na'urar da ke durƙusar da bayan mashin in an fito daga kwana, don kada gaba ya tashi. Babu ko ɗaya daga cikin biyun nan a Superbike.

Ƙarfin doki wajen 300 ne a MotoGP, a Superbike kuma wajen 230 zuwa 240, ga ƙarin nauyi, don Superbike ba ya gaza kilo 168. Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, ya taɓa kilomita 366.1 a awa kan KTM a Mugello ta Italiya a 2023.

Abu_Farsha (Injamena)

Baba makanike, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja. A ƙarshen 2016 an yi gwaji a Jerez ta Sifen, Jonathan Rea a kan Kawasaki ya zagaya filin da lokacin da ya fi na wanda ya tashi a sahun farko a MotoGP a wannan filin a shekarar. In bambancin ya kai yadda ka zayyana, ta yaya mashin ɗin kanti ya yi haka? Ga Troy Bayliss ma, ya ci Superbike a 2006, aka gayyace shi tseren ƙarshe na MotoGP a Balensiya, ya doke kowa.

Tsohon_Makanike (Garwa)

Ja mai kyau, ɗana. Bayliss dai a kan Ducati ta MotoGP ya ci, kuma ya taɓa yin shekaru a gasar kafin nan, don haka wannan shaidar gwanintar mutum ce. Maganar Rea kuwa gaskiya ce, amma duba yanayin. Watan Nuwamba ne, kwalta ta yi sanyi, an sa masa taya mai laushi wadda zagaye ɗaya ko biyu take yi ta mutu. Jerez kuma fili ne mai kwana-kwana, miƙaƙƙiyar hanyarsa gajera ce, mai doki 300 ba ya samun inda zai sake su. Ka ba su zagaye 25 da rana tsaka ka ga inda za a rabu.

Kuma taya ba ɗaya ba ce. Superbike na kan Pirelli tun 2004, MotoGP na kan Michelin tun 2016. Pirelli tana lanƙwasa, shasin kanti ma yana ɗan bayarwa, mahayi na jin mashin na yi masa magana kafin ya zame. Shi ya sa Toprak ke iya wasan nan na ɗaga ƙafar baya yana shiga kwana a karkace. Na MotoGP a sandare yake, in ba ka matsa shi yadda yake so ba, taya ta huce, sai dai ka tsinci kanka cikin tsakuwa ba sallama.

Mai_Kayan_Gyara (Gaundare)

Ni ta wajen kuɗi zan shigo, tunda sana'ata ke nan. Iyakar farashin da aka sa wa na Superbike a kanti ta kai Yuro 44,000, wato kusan sefa miliyan 29, kafin jirgi da duwan. Wannan kuɗin fa na mai fitila ne, wanda ke tsere ya ninka shi. A 2015 Honda ta fitar da RC213V-S, kwaikwayon na MotoGP da aka yarda ya hau titi, a kan Yuro 188,000, sama da sefa miliyan 120, kuma an rage masa ƙarfi sosai, ba bawul na iska, ba waccan giyar.

Wannan dokar ta “sai abin da ke kanti” ita ta sa kamfanoni wayo. Suna son fuka-fukin da ke sa iska ta danne mashin ƙasa a tsere, doka ta ce sai in na sayarwa yana da su, sai suka manna wa na sayarwar. Shi ya sa Ducati Panigale V4 R da BMW M 1000 RR ke fitowa da fuka-fuki tun daga kwali. A kuma lura da Moto2, ajin da ke ƙasa da MotoGP, ruwa biyu ce: inji na Triumph 765 wanda asalinsa na titi ne, shasi kuma na tsere zalla.

Ɗan_Domayo (Marwa)

Na gode iyayena, na karanta musu a tasha, mutumin ya ce zai biya amma ban da madara. Tambaya ta ƙarshe: tunda Toprak ya koma MotoGP, zai iya da su?

Tsohon_Makanike (Garwa)

Shekarar 2026 da ƙungiyar Pramac Yamaha za ta yi masa wuya, birkin kabon da Michelin duk baƙi ne a hannunsa. Ni 2027 nake jira. A shekarar za a rage inji zuwa 850cc, a hana na'urar durƙusawa, a rage fuka-fuki, sannan Pirelli ta karɓi tayar MotoGP. Sauran za su fara koyon kamfanin da shi ya girma a kansa, ko da yake tayar da za a kawo ba irin ta Superbike ba ce sak. Madarar kuma kada ka yafe, a ka'idar tasha shayi da madararsa yake tafiya.