Haske na ɓata mini fim a Mamiya RB67

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Don Allah a taimaka mini, abin nan ya sha mini kai.

Daga Asawase nake a Kumasi. Ina ɗaukar hotunan tafkin Bosomtwe ta ɓangaren Abono da kyamarar Mamiya RB67, fim 120, hoto 10 a kowane naɗi. Idan aka wanke, sai in ga wani jan layi kamar harshen wuta a gefen dama, daidai kan duwatsun da ke zagaye da ruwan. A ɗaki ko da sassafe ba ya fitowa, sai rana ta take.

Na sake soson da ke tare haske a murfin baya, wanda zafi da laima suka mai da shi kamar kwalta. Ya ragu, bai daina ba. Wani dattijo mai hoto a Adum ya ce jan launi alama ce hasken ta bayan fim yake shiga, fari kuma ta gaba. To amma ta ina? Ni dai ina zargin ramin farantin ƙarfen da ake zarewa kafin ɗauka, ko mahaɗar da bayan kyamarar ke juyawa a kanta.

Fim ya yi tsada, ba na son gwajin ɓarna. Akwai mai gyaran irin wannan kyamara a Kumasi ko Ankara (Accra)?