Ɗana ya daina yi mini magana wata biyar: akwai ƙwararren da ke sasanta uba da ɗansa?

Mai Atamfa, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan fanni, ko waɗanda irin abin ya taɓa faruwa a gidajensu. Ina da ɗa mai shekara 16, shi ne ɗan farina. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina fita da hantsi, ba na komawa gida sai bayan isha'i, saboda haka mafi yawan abin da na sani game da shi daga bakin mahaifiyarsa nake ji. Wata biyar da suka wuce sakamakon jarrabawarsa ya fito, ya faɗi lissafi da Turanci, sannan aka gaya mini cewa kwana yake yi yana danna waya. Raina ya ɓaci, na ƙwace wayar, na tsaya a tsakar gida na karanta saƙonninsa da ƙarfi a gaban mahaifiyarsa da abokiyar zamanta da ƙannensa, kuma na ce masa da kuɗin makarantarsa awaki na saya da sun fi mini amfani.

Tun daga ranar bai taɓa yi mini rashin kunya ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin da faɗa yake yi da na san yadda zan ɓullo masa. Da safe zai durƙusa ya ce "Baba ina kwana", in na aike shi ya je, in na tambaye shi wani abu ya ce "to" ko "ba komai", shi ke nan. Ya koma cin abinci shi kaɗai a shagon samari da ke zaure, ya daina zuwa ƙwallo, kuma ya rame. Yayana ya ce a kai shi gidan mari ya yi wata uku, mahaifiyarsa kuma ta fi karkata ga a yi masa ruƙiyya. Wani abokina ya ce akwai ƙwararru da suke zama da iyaye da 'ya'ya su gyara tsakaninsu. Shin da gaske ne ana yin haka a nan ƙasar? Me ake yi a irin wannan zama? Kuma ba za a riƙa nuna yaron ana cewa ya taɓu ba?

Ma'aikaciyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, Kaduna

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi abin da ka yi ba tare da ɓoyewa ba, domin iyaye da yawa suna zuwa mana da jerin laifuffukan yaro, sai an yi zama uku ko huɗu sannan nasu ɓangaren yake fitowa.

Abu na farko da ya ja hankalina a bayaninka shi ne ramar da ya yi da kuma barin ƙwallo. Fushi kaɗai yakan sa yaro ya kama bakinsa, amma idan ya haɗa da raguwar cin abinci, da lalacewar barci, da daina jin daɗin abin da a da yake so, har abin ya wuce mako biyu, to wajibi ne likita ya duba ko ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, saboda haka ba baƙon abu ba ne. Idan kuma ka ji ko mahaifiyarsa ta ji ya furta cewa mutuwa ta fi masa, ko ya gaji da rayuwa, kada a jira gobe, a kai shi asibiti a ranar. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Mu a nan muna da na tarayya a Barnawa, Sakkwato suna da na Kware, akwai kuma na Maiduguri. In ka je, ka ce kana son ganin masanin halayyar ɗan Adam wanda yake aiki da iyali, domin ba kowane yaro ne yake buƙatar magani na sha ba.

Yadda zaman yake tafiya kuwa, ba kotu ba ce, ba a yanke wa kowa hukunci. Da fari ƙwararren yakan gana da yaron shi kaɗai, ya tabbatar masa cewa abin da ya faɗa amana ne, ba za a kai wa ubansa ba sai da yardarsa, in ban da abin da ya shafi hatsari ga ransa ko ran wani. Sannan ya gana da iyaye su kaɗai, kuma a nan ne iyaye maza sukan yi mamaki, domin tambayar da ake yi musu ita ce yadda su aka rene su, da wanda suke kai wa kuka lokacin da suke da shekara 16. Sai kowane ɓangare ya shirya sannan a haɗa su a ɗaki guda. A wannan zama yaro yakan faɗi abin da ya yi masa ciwo, aikin uba kuma shi ne ya saurara har ƙarshe, ya maimaita abin da ya ji da bakinsa, ba tare da ya kare kansa ko ya juya maganar ta koma nasiha ba. Wannan tsari na gyara alaƙa kafin a taɓa batun ɗabi'a, wani masani mai suna Guy Diamond da abokan aikinsa ne suka tsara shi a Filadelfiya ta Amurka domin matasa masu ciwon damuwa, kuma yakan ɗauki mako 12 zuwa 16, zama ɗaya a mako. Mu a nan mukan daidaita shi da al'adarmu, misali ba ma tilasta wa yaro ya kalli ubansa ido cikin ido, tunda a wurinmu sunkuyar da kai ladabi ne.

Akwai wani abu da zai rage maka zafin zuciya. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake auna sakamakon abu kafin a aikata shi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali ɓangaren da yake jin kunya da tozarci yana kan ganiyarsa a irin shekarun ɗanka. Shi ya sa muzanta matashi a gaban ƙannensa yake yi masa zurfin da mu manya mun manta da shi. Haka ma barci, jikin matashi yakan jinkirta jin barci da dare, ga shi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, wayar kuma tana ƙara dagula lamarin.

In za ka gayyace shi, kada ka ce za ka kai shi a gyara shi. Ka ce masa tsakaninku ne ya lalace, kana son ku je tare a taimaka muku. Batun a ce ya taɓu kuwa, ba wanda zai sani sai wanda kuka gaya wa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare sirrin mai neman magani.

Tsohon Malamin Islamiyya, Zariya

Alhaji, ban ƙi abin da Malama ta faɗa ba, musamman batun a duba lafiyarsa, amma ina ganin kada mu tsallake abin da muke da shi a gida. A da, uba ba shi ne abokin sirrin ɗansa ba, kuma ba a ɗauki hakan aibi ba, domin akwai kawu, akwai gwaggo, akwai kaka wadda jika yake wasa da ita ya faɗa mata abin da ba zai iya furtawa a gaban iyayensa ba. Yanzu kowa ya gina gidansa ya ja ƙofa, waɗannan mutane sun yi nisa, uba kuma bai koyi cike gurbinsu ba. Ka duba cikin 'yan'uwan mahaifiyarsa, wane ne yaron yake sakin jiki da shi, ka roƙe shi ya riƙa jansa a jiki ba tare da ya zama ɗan leƙen asirinka ba.

Maganar gidan mari kuwa, ina roƙonka da girman Allah ka ajiye ta. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da kyakkyawar niyya. Yaron da ba ya sata, ba ya shaye-shaye, laifinsa kawai ya yi shiru, me mari zai koya masa? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba su ce a karya shi ba. Ruƙiyya da addu'a babu laifi, sai dai ba sa hana neman magani. Ka koma Suratu Luƙman ka ga yadda yake buɗe nasiharsa da "ya ƙaramin ɗana", ka kuma duba Suratus Saffat inda Annabi Ibrahim ya gaya wa ɗansa mafarkin da ya yi sannan ya nemi jin ra'ayinsa, alhali umarnin daga Allah yake. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce masa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Uwar 'Yan Mata, Katsina

Yaya, na sha irin wannan da 'yata ta fari lokacin tana da shekara 15. Ni irin matan nan ce masu tsananin kunyar ɗan fari, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama hira da ita ba, ina ganin hakan shi ne kawaici. Malamar ba da shawara ta makarantarsu ce ta kira ni, muka yi zama huɗu. A na uku yarinyar ta ce, kanta a ƙasa, "Umma ba ta taɓa tambayata yadda nake ba, sai dai me na yi." Na buɗe baki zan lissafa wahalar da na sha a kanta, malamar ta ɗaga mini hannu ta ce in maimaita abin da na ji kawai. Wallahi ban taɓa yin abu mai nauyi kamar maimaita wannan magana ba.

Aikin da aka ba ni shi ne in keɓe mata kwata ɗin awa ba gyara ba faɗa. Na rasa yadda zan fara, sai na ce ta daina zuwa gidan kitso ranar Juma'a, ni zan tsefe mata. Takan zauna a tabarma tsakanin ƙafafuwana, ta ba ni baya, ina tsifa ina shafa man kaɗanya. Juma'a biyu ba ta ce uffan ba sai "wash" in na ja gashin. A ta uku, ina tsakiyar kai, sai ta fara ba ni labarin wata yarinya a ajinsu da ake tsokana saboda ƙurajen fuska, kuma sai da ta yi nisa na gane kanta take nufi. Na ci gaba da tsifa ban nuna na gane ba. Ina ganin da fuskantar juna muke yi da maganar ba ta fito ba. Kai ba ka da kitso, amma kana da mota da rumfar kasuwa.

Ɗalibin Jami'a

Baba, ka gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Na taɓa zama kamar ɗanka, kuma ina tabbatar maka ba wayar ce take cin ransa ba, maganar awakin ce, da kuma idon ƙannensa. Ni mahaifina ya saya mini sabuwar waya bayan wata biyu, na karɓa na yi godiya, amma ban saki jiki ba, domin abin da nake jira shi ne ya nuna ya san abin da ya faɗa ya yi mini ciwo. Ba sai ka ƙasƙantar da kanka ba, kuma ba sai ka janye maganar karatu ba, wannan haƙƙinka ne. Amma tunda a gaban ƙannensa aka zubar masa da girma, yana da kyau wata rana su ji ka yabe shi.

Mai Atamfa, Kano

Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na gaya wa Yayana cewa batun gidan mari babu shi. Ranar Asabar na ce yaron ya raka ni kasuwa saboda yaron shagona bai zo ba. A mota, muna tsaye a cunkoson Ƙofar Mata, ina kallon gaba na ce masa maganar da na yi ranar nan ban kyauta ba, kuma bai kamata in karanta saƙonninsa a gaban mutane ba. Bai amsa ba, ya juya yana kallon waje, na ga yana goge ido da hannun riga. A shago na bar masa littafin bashi ya tattara lissafi, har ya gano wani kuskure na dubu goma sha biyu da ni ban lura da shi ba. Da muka dawo na faɗi hakan a tsakar gida kowa yana ji. Har yanzu a zaure yake cin abinci, amma ya yarda mu je asibiti tare mako mai zuwa. Malama, shin mahaifiyarsa ta biyo mu a zuwan farko, ko mu biyu za mu fara?

Ma'aikaciyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, Kaduna

Alhaji, ka tambayi yaron, ka bi abin da ya zaɓa. Likita zai so jin ta bakin mahaifiyarsa game da barcinsa da cin abincinsa tunda ita take wuni da shi, amma tana iya zuwa a zama na biyu. Ku je da wuri saboda layin yankar kati, kuma in an ce ka jira a waje a gana da shi shi kaɗai, kada ka tambaye shi abin da ya faɗa a hanyar komawa gida.