Abin da aka ce a kula da shi a haikalin Kal Bhairav

Hira ta kai mu kan haikalin Kal Bhairav da ke Baranasi, bakin kogin Ganga a Indiya, ni da wasu da suka yi karatu a can. Ga abin da na tsinta.

Duk sun ce a fara sanin matsayinsa kafin a je. Mabiya addinin Hindu na ɗaukar Bhairav a matsayin siffa mai fushi ta Shiba, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, suna kiransa Kotwal na Kashi, wato sarkin dogaran birnin (Kashi tsohon sunan Baranasi ne). A imaninsu, baƙo sai ya gaishe shi kafin ya zauna a garin, shi ya sa har manyan ma'aikatan da aka turo sababbi sukan fara da nan. Labarinsu ya ce Bhairav ya sare kai na biyar na Brahma, wani daga cikin allolinsu, ƙoƙon ya manne masa a hannu, bai faɗi ba sai da ya iso Kashi. Wannan labari shi ya fi tsaya mini a rai, domin mai gadin ma sai da ya nemi tsarki.

A cikin haikalin fuskar azurfa ta gunkin Bhairav kawai ake gani, sauran jiki furanni sun rufe. Kar a kori karnukan da ke wurin, kare ne abin hawansa.

Lahadi da Talata cunkoso ne, lungunan Bishweshwarganj, unguwar da haikalin yake, kuma matsattsu, gara a sauka a taka da ƙafa. A cire takalmi, a tambaya kafin ɗaukar hoto. Baƙin zaren da ake ɗaura wa mutane na ibadarsu ne, wanda ba ya so ya ce a'a cikin ladabi.