Neman kalma: me za mu kira Islamophobia da Hausa?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar 15 ga Maris zan gabatar da shiri a gidan rediyon da nake aiki nan Jos, kan ranar yaƙi da Islamophobia da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2022. An zaɓi ranar ne saboda harin birnin Christchurch na ƙasar New Zealand a 2019, inda aka kashe masallata 51 a masallatai biyu ranar Juma'a. Jibi ake son rubutun. Wace kalma zan saka?

'Yar Rikkos: Wa alaikumus salam Yaya. Ƙyamar Musulunci. Ita muke ji a labarai.

Ɗalibi: Ai asalin kalmar tsoro take nufi. Tsoron Musulunci.

Malamar Islamiyya: A'a ɗana. Bahaushe in ya ji tsoro an jingina shi da addini, tsoron Allah zai faɗo masa, sai ya ɗauka yabo ne. Kuma wanda ya shiga masallaci da bindiga ba tsoro ya kai shi ba.

Alhajin Fagge: Duk waɗannan doguwar magana ce. Ni na daɗe ina cewa ƙi-Musulmi, kamar yadda muke da ƙi-gudu da ƙi-faɗi. Gajeriya ce, ta Hausa zalla.

'Yar Rikkos: Baba, ƙi-gudu mutum ne. Ƙi-Musulmi ma mutumin zai nuna, halin muke nema.

Alhajin Fagge: To a ce ƙi-Musulmanci. Amma gaskiya irin wannan aiki masana na Jami'ar Bayero ya kamata a kai wa. Ba a Jos ake yanke wa Hausa hukunci ba.

Ɗan Dilimi: Alhaji, da girmanka, wannan maganar ba ta yi daɗi ba. Da Hausar nan aka haife mu, da ita Birom da Anaguta da Afizere da Igbo suke ciniki da mu a kasuwar Taminus. Hausa ba ta tsaya a ganuwar Kano ba.

Alhajin Fagge: Ban ce ba ku iya ba. Na ce kowace sana'a da masu ita.

Ɗan Dilimi: Masu ita su ne masu magana da ita.

Malamar Islamiyya: Ku bar wannan, yaron nan lokaci yake nema. Abin da ya fi damuna Musulunci za a ce ko Musulmi. Masu saurarensa rabi Kiristoci ne ko fiye, maƙwabtanmu. In ya ce ƙyamar Musulunci, wani zai zaci duk wanda bai karɓi addinin ba ake zargi, alhali Alƙur'ani ya ce babu tilastawa a addini, Baƙara aya ta 256. Abin da ake yaƙi da shi shi ne a yi wa Musulmi kuɗin goro da 'yan ta'adda, a ga gemu ko hijabi a fara zargi. Mu nan wa zai gaya mana ta'addanci? A watan azumin 2015 an kai hari masallacin 'Yan Taya ana tsakiyar tafsiri. Bam ɗin Taminus na 2014 bai tambayi kowa addininsa ba. Ma'ida aya ta 32 ta ce wanda ya kashe rai ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne, Sayyidina Abubakar kuma ya hana rundunarsa taɓa mata da yara da tsofaffi, har da sare itatuwa masu 'ya'ya. Wannan ya kamata kalmar ta buɗe wa ƙofa.

Ɗalibi: To tsangwamar Musulmi fa, Malama?

Malamar Islamiyya: Ta yi wajen aikin da ake gani, ta bar abin da ke zuci.

Ɗan Gangare: Na gode ƙwarai. A kanun shirin zan ce ƙyamar Musulmi, in na zo bayanin abin da ake yi musu in ce tsangwama. Kalmar Turancin sau ɗaya zan ambata, a farko.

Alhajin Fagge: Shirinka ne, ɗana. Ni dai ina kan ƙi-Musulmanci, kuma zan kai ta gaban masana. Allah Ya ba da sa'a.

'Yar Rikkos: Amin. Yaya, saura jihadist, kada ka yarda ka ce mujahidi. Masu iƙirarin jihadi ake cewa.