Sabon maganin hawan jini mai haɗi biyu, ana haɗa shi da tsohon?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min. Hajiyarmu ce, shekarunta 64, ta daɗe tana shan amlodipine 10mg da lisinopril kullum da safe. Satin da ya wuce aka kai ta asibiti saboda wani busasshen tari da ya hana ta barci, likita ya ce lisinopril ɗin ne ke jawo shi, sai ya rubuta mata wani sabo, ƙwaya ɗaya ce amma a jikin kwalin an sa amlodipine/valsartan 10mg/160mg. Ƙanwata ce ta shiga da ita wajen likitan, ita kuma ta ce wallahi ba ta tuna ko an ce a daina shan tsofaffin magungunan ba. To kun san tsofaffi ba sa son asara, akwai sauran kati uku a gwangwanin da take ajiye magani, shi ne take haɗa tsofaffin magungunan biyu da sabon ta sha, yau kwana biyar kenan. Jiya da asuba ta miƙe za ta yi alwala jiri ya ɗebe ta sai da ta dafa bango, ƙafafunta kuma sun kumbura har silifas ya yi mata shati. Na auna ta da abin awon gida ya nuna 98/60. Ta daina duka ne ko ya za mu yi? Hankalina a tashe yake.

Yar Barnawa:
Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni a famasi nake aiki kuma wannan kuskuren muna ganin sa sosai. Ka ga layin nan da ke tsakanin sunayen biyu, ma'anarsa magani biyu ne aka cura a ƙwaya ɗaya dan a rage wa mutum yawan haɗiya da mantuwa. Kenan amlodipine sau biyu take sha, 20mg a rana, alhali iyakarsa 10mg ne, shi ya sa ƙafa ta kumbura jinin ya sauka da yawa. Na biyun ya ma fi damuna, lisinopril da valsartan kusan hanya ɗaya suke bi a jiki, ba a haɗa su, dan suna iya taɓa ƙoda su tara sinadarin fotashiyam a jini, shi kuma in ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa kuma ba lallai mutum ya ji alama ba.

Ka kwashe tsofaffin katunan daga gwangwanin yanzun nan, kar ka bar su a ɗakinta. Kar ta ƙara shan ko ɗaya sai likita ya gan ta, kuma yau ɗin nan nake nufi ba sai ranar da aka ba ku ba. Ku zuba duk magungunan a leda ku tafi da su, har na ciwon gwiwa in akwai, ka roƙi a yi mata gwajin ƙoda da fotashiyam. In ta suma ko ƙirji na ciwo ko fitsari ya ragu ko leɓe da harshe sun kumbura, to imajansi kai tsaye ko da tsakar dare ne. Kafin nan ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe, amlodipine yana ɗaukar kwanaki kafin ya bar jiki.

Baban Khalifa Kawo:
Allah ya sawwaƙe. Ni a ganina tunda jinin ya sauka a bar maganin bature haka nan, a koma zoɓo mara sikari da tafarnuwa, makwabcina shi yake sha.

Yar Barnawa:
A'a Baban Khalifa, dan Allah kar a yi haka. Maganin ne ya sauke jinin, ba warkewa ta yi ba, in aka watsar gaba ɗaya zai koma sama da 140/90 shiru ba ciwon kai ba komai, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Zoɓo kam yana ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani, kuma mai 98/60 ba yanzu ne lokacin ɗura mata shi ba.

Maman Ilham Rigasa:
Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Nawa haɗin losartan ne da hydrochlorothiazide, mai sa fitsari ɗin nan, da farko da daddare nake sha na kwana zaryar banɗaki sai da aka ce in mayar da shi safe. Abin da nake so in ƙara, ka duba ko Hajiya na shan diclofenac ko ibuprofen na ciwon ƙafa, dan ni likitana ya hana ni su, ya ce suna ɗaga jini kuma in suka haɗu da irin maganinmu ƙoda ce ke shan wahala, farasitamol kawai ya yarda min. Sai gishiri da magi da kunun kanwa, a rage mata. Mata masu haihuwa kuma ku ji, losartan da valsartan da lisinopril ba a shan su da ciki, suna illata jariri, da kin ga ɓatan wata ki garzaya a canza miki. Kuma ranar da na manta ban sha ba, ba na haɗa biyu washegari.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu muka dawo, likita ya ce sabon kaɗai za ta sha amma sai jibi za ta fara, an ɗebi jini gobe za mu karɓi sakamako. Maman Ilham kin yi gaskiya, na samu diclofenac kati biyu a ƙarƙashin filonta, wai a kemis ɗin layinmu take aika jikoki su siyo mata. Na kwashe su, tana ta min faɗa akan kuɗin da aka kashe.