Na mayar da birkin gaba na Beetle zuwa diski, yanzu kamawa yake yi

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar tsofaffin motoci ku taimaka min. Ina da Volkswagen Beetle ƙirar 1969, da birkin ganga ta zo gaba da baya, na cire na gaban na sa diski da kalifa (abin da ke matse diskin in an taka birki), na bayan kuma na bar shi yadda yake don ba shi ke ɗaukar yawancin aikin ba.

To ga matsalar. Da sanyin safiya lafiya lau, amma in na ɗan yi tafiya sai tayoyin gaba su fara riƙewa, rim ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, fedal ya yi tauri, in na kwance nonon kalifa (ɗan notin da ake cire iska ta wurinsa) man birki ya ɗan fito sai taya ta saki nan take. Tiyo sababbi ne, man birki DOT 4, iska kuma mun cire ta tas.

Masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka fedal, ita ce kawai ban canza ba. Bakanike na ya ce mastar birkin ganga tana da wani bawul da ke riƙe ɗan matsi kusan psi 10 saboda sifirin ɗin da ke janye shu (abin da ke goga ganga in an taka birki), kalifa kuwa ba ta son wannan. Ni kuma zuciyata ta fi karkata ga sandar fedal, ƙila ta matse fistin masta bai koma ya buɗe ramin da mai ke komawa ba.

Ya zan bambance biyun kafin in sayi wata masta? Kuma in bawul ɗin ne, cire shi a layin gaba kaɗai ya isa, ko sai an canza mastar gaba ɗaya?