Ɗufailiyyat a cikin agwagwa: me za mu ce da Hausa?

Mai kiwo daga Mai Wurno: Salamu alaikum. Agwagina suna ci kamar gara amma sai ramewa suke, ƙananan kuma zawo. Na kai kashinsu wurin likitan dabbobi a Sinnar, nan Sudan, ya rubuta mini "ɗufailiyyat" da Larabci, wato halittun da ke zaune a jikin dabba suna ci daga gare ta. Da na koma gida na ce wa Inna tsutsar ciki ce. Ta ce to a ba su maganin tsutsa mana. Alhali likitan ya ja mini kunne cewa ba dukansu ne tsutsa ba. Wace kalma ce za ta kwashe su duka?

Likitan dabbobi daga Gadarif: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokin aikina ya yi gaskiya. Wasu muna da sunansu tun kaka da kakanni: macijin ciki shi ne dogon nan mulmulalle, tsila kuma mai faɗi mai gaɓa-gaɓa, wadda agwagwa ke ɗauka idan ta haɗiyi ƙananan ƙwarin ruwa. Akwai wata siririya da ke shiga ƙarƙashin fatar ƙundu tana shan jini. In an yanka agwagwar an ɓare ƙundun sai a ga wurin ya yi baƙi ya zaizaye. Wannan tsutsar ƙundu ce kawai, ba gardama. Akwai masu kama da ganye da ke biyowa ta dodon koɗi, shi ya sa agwagin bakin kogi da na magudanan ruwan gonakin Jazira ba sa rabuwa da su.

Inda gizo ke saƙa shi ne koksidiya. Ita ba tsutsa ba ce, halitta ce da sai da madubin likita ake ganinta, tana ɓarke bangon hanji, ƙananan agwagi su yi ta zawo, wani sa'in da jini. Ka ɗura musu maganin tsutsa irin fiferazin har ka gaji, ko gezau. Maganinta daban, irin su amfiroliyam. Duk ranar da muka ce wa mai kiwo "tsutsa" alhali koksidiya ce, mun tura shi sayen maganin da ba shi ba.

Dattijo daga Kasala: 'Ya'yana, ku ce kaucin ciki. Kauci ai a jikin bishiya yake zaune yana shan ruwanta.

Malama daga Wad Madani: Allah ya ƙara girma, Baba, kwatancen ya yi kyau. Sai dai kauci a wurinmu abin nema ne, masu magani har hawa bishiya suke su tsinko shi. Ka ce wa tsohuwa agwagwarta na da kauci, sai ta yi murna. Ni cima-zaune nake gani. Su ma Larabawan daga mutum suka samo tasu: malaman luga sun ce Ɗufail wani mutumin Kufa ne da ba ya jin labarin walima ya bari, gayyata ko babu. Ashe tafiyar ɗaya ce.

Dattijo daga Kasala: Na sallama, 'yata. Amma kaska da ƙwarƙwata fa?

Likitan dabbobi daga Gadarif: Su ne cima-zaunen waje, Baba, waɗannan kuwa cima-zaunen ciki. Tsutsa reshe ɗaya, koksidiya reshe ɗaya, ita kuma a bar ta da sunanta don shi ne a jikin kwalbar magani.

Mai kiwo daga Mai Wurno: Na gwada wa Inna. Ta ce cima-zaune ba sai an yi mata bayani ba, tana da biyu a zaure tun bara, wane magani likitan ya ce ana ba su?